Zuwa ga Bawana Bazazzage, Mai Riƙon Shafin Jami'a

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ya mutanen Tudun Wada da Samaru, ya fate, ya kuma sabuwar kujera? Labari ya iso Kano cewa an tashe ka daga ofishin da kake gyangyaɗi, an damƙa maka shafukan jami'arku na Facebook da X da Instagram, wai yanzu kai ne bakin jami'a. Ina taya ka murna. Sunan jami'ar dai ba zan kira ba, tunda ba a garinku take ba, kuma mutanen da suka yi maka rana bai kamata laifinka ya shafe su ba. Ga shi in aka sallame ka, ƙofar gidana za ka zo ka tare, hatsi kuwa ya yi tsada.

Na zauna na bi shafin naka daga sama har ƙasa, kuma dole in yaba maka. Duk mai son sanin yawan manyan rigunan shugaban jami'arku, ka hutar da shi. Litinin ga shi cikin shuɗiyar shadda yana karɓar manajan banki da ya kawo ziyarar ban-girma. Talata ga shi cikin fara yana karɓar wata tawaga. Laraba shi ne ya kai ziyarar. Alhamis an sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna da wata ƙungiya, ba a dai faɗi abin da aka fahimta ba. Juma'a kuma furanni da "barka da Juma'a", shi ma da ɗan hoton shugaba a kusurwa, kada a manta da shi.

Hoton kansa guda ne kullum, baƙin kawai ake canzawa. Dogon tebur mai sheƙi, akwatin tishu mai ruwan zinariya a tsakiya, robobin ruwa da ba wanda ya buɗe, tutar Najeriya da ta jami'a a baya. Mutane sun jeru, hannu huɗu sun riƙe kambun katako guda, biyu na mai bayarwa biyu na mai karɓa, kowa ya washe baki yana kallon kyamara, ban da wani darakta a ƙarshen layi da ka yanke masa rabin fuska. A ƙasa ka zuba bayani da Turanci mai nauyi, layi shida, huɗu daga ciki sunaye ne da muƙamai da jerin harrufan nan da ke bin bayan sunan farfesa. Mai karatu ya kai ƙarshe bai san me aka zo yi ba, balle wa zai amfana.

Sai na leƙa ƙasan hoton, inda jama'a ke magana. Kashi biyu ne. Na farko ma'aikata ne masu jiran ƙarin girma: "Allah Ya ja zamanin Farfesa," "Shugaba na gari, sai godiya." Su ne masu danna maka layik, kuma da su kake cika rahoton da kake kai wa sama ƙarshen wata. Na biyu su ne waɗanda aka buɗe shafin dominsu. "Admin don Allah yaushe za a saki lis na biyu?" "An rufe fotal ne? Tun jiya nake gwadawa." "Nawa ne kuɗin rijistar 'yan aji biyu?" "Admin ka taimaka, babana ya ce in tambaya ko akwai hostal na mata." Ba wanda ka tanka wa, ko "mun gani" babu. Ita wannan yarinya mai zancen hostal, na ga ta tambaya ƙarƙashin hoton manajan banki, ta sake ƙarƙashin na yarjejeniya, har ta koma tana roƙon 'yan'uwanta masu tambaya ko akwai wanda ya sani.

Mu Kanawa da kuke cewa ba mu san komai ba sai kuɗi, ko yaron shago a Kantin Kwari ya san wannan ba ciniki ba ne. Ka taɓa ganin ɗan kasuwa ya kwashe atamfa da leshi ya cusa a bayan kanta, ya cika gaban shago da hotunansa yana gaisawa da maƙwabta, mai saye ya yi sallama ya ce turmi nawa, shi kuwa ya kau da kai? Shagonka ke nan. Ga haja, ga masu saye sun yi layi, kai kana can kana goge gilashin hoton maigida.

Abin da ya fi ba ni dariya, shi wannan Facebook da ya gagare ka, a jami'a aka haife shi. A watan Fabrairun 2004 Mark Zuckerberg da abokansa suka buɗe shi daga ɗakin kwanan ɗalibai a Harvard, kuma da farko sai mai adireshin imel na jami'ar ke iya shiga. Sai a 2006 aka buɗe wa kowa da kowa. Tun asali dandalin hirar ɗalibai ne, ku ma'aikata daga baya kuka shigo. Masu gidan kuwa ba su ɓoye ƙa'idarsu ba: a Janairun 2018 kamfanin ya sanar cewa zai rage nuna abin da shafukan kamfanoni da hukumomi ke wallafawa, ya fifita abin da ke sa mutane su yi magana da juna. Ko kana da mabiya dubu ɗari, ba duka ke ganin fostin ɗinka ba. Na'urar na lura da wanda ya tsaya, da wanda ya yi magana, da wanda ya tura wa wani. In ta ga kowa wucewa yake yi, sai ta daina nunawa. Amsar da ka hana yarinyar nan, ita ce da ma za ta ɗaga shafin. Da hannunka kake danne kanka, sannan ka shiga taro kana cewa yaran yanzu ba sa karatu.

Mu zo kan sanarwa, wadda ita ce ɗan abin amfanin da kake sawa. Takarda ce daga ofishin magatakarda, ka ɗora ta a cinya ka ɗauka da waya. Ta karkace, inuwar hannunka ta rufe sakin layi na biyu, hatimi ya hau kan ranar rufe rijista, wadda ita kaɗai ake nema. Ɗalibi a ƙauye mai 'yar ragowar data ya jira hoton ya buɗe, ya sa yatsu biyu ya ja ya faɗaɗa, har yanzu bai tantance 13 ce ko 18 ba. Makahon da wayarsa ke karanta masa rubutu bai samu komai ba, don hoto ne. Wanda ya zo bayan mako guda yana lalube da kalma, shi ma ba zai same ta ba. Me zai hana ka buga layi uku da yatsanka a sama, rana kaza, wuri kaza, kuɗi kaza, sannan ka liƙa takardar a ƙasa don shaida?

Ka san mai jin daɗin shirun nan naka? Ɗan damfara. Shi ba ya barci. Ya buɗe shafi da tambarin jami'arku, sunan ma ya fi naka kama da na gaske, ya zauna ƙarƙashin kowane fostin naka yana tsintar masu tambaya. Yarinya na ajiye tambaya, ya bi ta akwatin sirri: ranki ya daɗe, akwai gurbi, turo kaza a sa sunanki. Ga ladabi, ga saurin amsa, ga Hausa. Duk abin da aka ɗauke ka ka yi shi yake yi, sai dai shi ɓarawo ne. Tun 2017 hukumar JAMB ta kawo tsarin CAPS, ta nan ake ba da gurbin karatu, ɗalibi ya gani da idonsa ya karɓa ko ya ƙi. Da za ka maƙala wannan magana a saman shafi, ka riƙa nanata ta duk lokacin ɗaukar ɗalibai, da Hausa da Turanci, ka ƙara da cewa jami'a ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, da ka ceci jarin iyaye da yawa. Haka zancen bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Yara na ta tambayar juna yadda ake cikewa, makaho na jan makaho, kai kuwa ofishin da ya san amsar yana kusa da naka.

Na ce da Hausa, na san ka ɓata rai. Wai ai jami'a ce, harshen ilimi Turanci ne. To, wa ke biyan kuɗin makarantar? Uban da ya fitar da buhunan masara, da uwar da ta ɗauki adashi. Su ke yanke hukuncin ko yarinya za ta tafi, kuma waya na hannunsu, suna jin saƙon murya a WhatsApp, suna kallon bidiyon Sashen Hausa na BBC da miliyoyi ke bi a Facebook. Shi kansa Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016. Mutumin Kalifoniya ya ga amfanin Hausa, Bazazzage bai gani ba. Kunyar ta fi yawa a kanka, don a garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jaridar da ta kai labarin yaƙin duniya har zauren mai unguwa da harshen da ake ji. Ko da yake editan nata, Abubakar Imam, aro kuka yi daga Kagara, wannan kuwa ya bayyana komai. Na yarda dai akwai haɗari in aka ce kai za ka rubuta da kanka, kada mu wayi gari mu ga "jami'an mu ya buɗe fotal ɗin shi." Ka nemi Bakano ya riƙa duba maka, za mu yi maka ragi.

Kada ka ce mini ilimi ba ya shiga a waɗannan kafafe, wai mutane rawa da barkwanci kawai suke so. A Jami'ar Nottingham ta Ingila akwai wani farfesan kimiyyar sinadarai, Martyn Poliakoff, dattijo mai tabarau da tulin farin gashin da bai san mataji ba. A 2008 wani mai ɗaukar bidiyo, Brady Haran, ya fara shiga ofishinsa da ɗakunan gwajin abokan aikinsa, suka yi gajeren bidiyo a kan kowane sinadari da ke cikin jadawali, duka 118. Ba jawabin maraba, ba gabatar da manyan baƙi. Dattijo na zaune cikin tarin takardu yana bayani yana kaɗa hannuwa, can sai a fita fili a jefa gutsuren sodiyam cikin ruwa, ya yi tartsatsi ya fashe, ma'aikacin ɗakin gwaji na tsaye a gefe bai ce uffan ba. Masu bin tashar a YouTube sun haura miliyan. Yara a ƙasashe masu nisa, waɗanda ba su taɓa jin sunan garin ba, ta dalilin wannan tsoho suka san jami'ar, kuma ba shi ne shugabanta ba. A Amurka ma, tun 2001 MIT ta yanke shawarar sakin darussanta kyauta a intanet. Wani malaminta na lissafi, Gilbert Strang, daga allo sai alli, amma miliyoyi sun kalli laccocinsa. Ranar da ya yi ta ƙarshe a 2023, yana da shekara 88, kai tsaye aka haska ta duniya na kallo.

Za ka ce su Turawa ne, suna da kuɗi. Waya ce da mutum mai abin faɗa, bawana, kuma duka biyun kana da su. Dubi garinku kawai, bari in yi muku adalci sau ɗaya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake da manoman Arewa ke shukawa, har da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda aka amince da shi a 2019. A Shika aka samar da kazar nan mai ƙwai, Shika Brown. Irin wannan ake kira haja. Ba jami'ar da ta rasa nata, har da taku: malamar da ta ƙare ƙuruciyarta a binciken ciwon sikila, ɗalibin injiniya da ya harhaɗa injin ɓarar gyaɗa da tarkacen babur, dattijon sashen tarihi da ya san asalin kowace unguwa a garin. Ka sauko daga benen hukuma da wayarka, ka same su, ka ce su yi maka bayanin minti biyu yadda mai kayan miya a kasuwa zai gane. Manomi zai tura wa manomi, uwar mai sikila za ta tura wa wata uwa. Hoton kambu kuwa, ko matar mai kambun ba ta turawa.

Ɗalibai ma ka ba su fili. Jami'o'i da yawa a Birtaniya da Amurka kan miƙa wa ɗalibi guda shafinsu na Instagram na yini ɗaya, ya nuna ɗakinsa da inda yake cin abinci da yadda yake zuwa lacca, ya amsa tambayoyin masu son zuwa. Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare ya fi yarda da ɗan aji biyu na jami'a a kan magatakarda. Na san abin da ke ba ka tsoro, kada ya nuna banɗakin hostal. Ai tuni yake nunawa a TikTok ɗinsa, bai nemi izininka ba.

Ba zan zalunce ka ba, ko da yake al'ada ta ba ni dama. Na san kai kaɗai ne a ofishin, wayar taka ce, datar daga albashinka. Na san kowane layi sai ya bi ta tebur uku kafin ya fita, darakta ya gyara waƙafi, mataimakin shugaba ya ƙara muƙamin da aka manta, kafin a sa hannu labarin ya zaga WhatsApp ya dawo da ƙari. Mun ga haka a yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas yara na zaune a gida, bini-bini sai takardar bogi ta ɓulla wai an janye, wani har ya fara ɗaure kaya. A irin wannan lokaci, "har yanzu ba sabon abu, takardar da kuka gani ba daga wurinmu take ba" shi ma labari ne, kuma ya fi ziyarar ban-girma goma. Wannan magana ta manyanku ce fiye da kai: wanda aka ba riƙon baki, a bar shi ya yi magana. A 2018 Jami'ar Reading ta Ingila ta ce za ta ba 'yan gudun hijira tallafin karatu har 14, wasu suka yi ta gunaguni. Sai ta fito a Twitter da gajeren saƙo, ta nuna wa masu gunagunin cewa wannan ya rage nasu, su ƙara gaba. Dubban mutane suka yaɗa, jaridu suka ɗauka. Ban ce ka gwada wannan gobe ba, kai da ko waƙafi ba ka da ikon sawa. Amma ka lura, an ji muryar mutum a ciki, an kuma san inda jami'ar ta tsaya.

Kada kuma ka ji wannan ka zarce. Ban ce ka sa shugaban jami'a rawa a TikTok ba. Mutuncin farfesa ba abin wasa ba ne, ga shi na ga tafiyarsa a bidiyon bikin yaye ɗalibai, ba zai iya ba. Jerin sunayen yara da lambobin wayarsu da makinsu, kada ka baje a fili, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, ɗan damfarar nan kuma da ma abin da yake jira ke nan. Hoton 'yar mutane a ɗakin karatu, ka tambaye ta kafin ka sa, in ba haka ba kafin magariba ƙasan hoton ya cika da masu neman aure da masu wa'azi. Sannan kada ka tattara komai a dandali guda. Gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda can kaɗai yake magana sai da ya yi wata bakwai ba baki.

Na san amsar da za ka aiko. Za ka ce yaushe Bakano ya isa ya koya wa ɗan birnin ilimi aikin jami'a? Za ka tuna mini cewa an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a ƙarƙashinta ta tashi kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Duk gaskiya ne, ba ma musu. Karatun ne ma ya yi muku yawa, shi ya sa har yau kuke magana tamkar kuna gabatar da muƙala. A tambayi Bazazzage hanyar tasha, sai ya fara da ma'anar tasha a lugga da isɗilahi, ya kawo ra'ayoyin masana, kafin ya nuna hanya mota ta tashi.

To ga sharaɗina. Kafin Juma'a mai zuwa ka koma ƙarƙashin hoton manajan bankin nan ka gaya wa yarinyar ko akwai hostal na mata, da nawa ne, da ofishin da za ta je. Ka kuma sa bidiyo guda na malami yana bayanin aikinsa da Hausa, ko da ta Zazzau ce, za mu daure. In ka yi, na yafe maka rabin kuɗin sharar bana. In ba ka yi ba, ranar cika-ciki ka tanadi cikakke, har da na bara da ka gudu da shi.